Ranar da Auta Ya Sauka Daga Kwalta

Tun ranar da Auta ya sayi motar nan mutanen gidansa suka shiga uku. Auta dai tela ne, ga furfura har a gemu, amma da yake haka Inna, mahaifiyarsa, take kiransa, sunan ya bi shi har shago. Motar ma ta hannu ce, ba sabuwa ba, amma ko ƙuda ne ya sauka a kanta sai ya sha harara. Ya goge da safe, ya goge da yamma. Yara ba su isa su ci ko biskit a ciki ba. In matarsa za ta rufe ƙofa sai ya runtse ido ya ce, "A hankali dai, ba ƙofar firji ba ce!"

Inna ta sha doguwar jinya, ƙafa ta yi nauyi, daga ɗaki sai tsakar gida. Ran nan ta ce ba abin da take marmari kamar ta tsoma ƙafa a rafin bayan gari, inda suke wanka tana yarinya. Auta ya bugi ƙirji ya ce an gama.

Ranar hutu suka fita, shi da Inna da matarsa. Muddin ana kan kwalta, mutumin naku har fito yake yi. Da kwalta ta ƙare sai ga 'yar siririyar hanya, ƙaya dama da hagu, taɓo a tsakiya. Auta ya taka birki, ya kashe mota.

"To, mun iso."

Matarsa ta leƙa ta taga. "Mun iso ina? Ina ruwan?"

"Ba ki jin ƙararsa?"

"Haba Baban yara! Ƙara Inna ta zo ji? Kuma ka san ba za ta iya takawa har can ba."

Ya dubi ƙayar nan, ya dubi fentin motarsa. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda mai ita kaɗai ke ganin kyanta. Ya buɗe but ɗin baya, ya ɗauko bokitin wankin mota, ya nausa rafin a ƙafa. Can sai ga shi yana haki, bokiti cike taf. Ya buɗe ƙofar baya, ya dire shi a ƙasa.

"Ga ruwan rafi, Inna. Shi ne dai wanda kika sani, ko surki babu."

Matarsa ta riƙe baki. Inna kuwa ta juyo da ƙyar, ta zura ƙafafunta a bokitin, ta ɗan motsa yatsu.

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Ya ishe ni haka."

Tana faɗa tana miƙa wuya, ko za ta hango ruwan ta saman ƙaya. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tsame mata ƙafafu, ya watsar da ruwan, ya koma mazauninsa ya tayar da mota.

Ƙiii! Ƙayar farko ta ja fenti tun daga gaba har baya, Auta ya ce, "Wayyo Allah!" Ta biyu ya cije leɓe. Da taya ta faɗa taɓo ya fantsamo har gilashi, matarsa ta kasa riƙe dariya, shi ma ta kuɓuce masa.

"Tun da ta ɓaci, ta ɓaci gaba ɗaya!" ya ce, ya ƙara wuta.

Sai da ya kai hancin motar bakin ruwa. Suka zaunar da Inna a kan wani dutse. Ƙananan kifaye suka yi caa a ƙafarta, ta dinga ƙyalƙyala dariya irin wadda rabon gidan da jin ta tun kafin ciwo. Auta ya zaga zai duba ɓarnar da aka yi masa, sai ya ji muryarta.

"Auta!"

Ya waiwayo. Inna ce tsaye a cikin ruwa da ƙafarta, ba sanda, ta miƙo masa hannu.

"Zo ka riƙe ni, zan ƙara gaba."

Ya bar ƙofar mota a hangame, ya shiga ruwan da takalmansa.