Ban Haƙuri da Muryar Aro

…kuma ni ɗin ma me ya kai ni? Bakina. Kullum bakina. Da na kama bakina ranar nan a mina, tashar jiragen ruwa, da yanzu ina gaban mai burodin tamis ina dangwalar waken ful, ba nan ba, gefen titi a unguwar Ruwais ta Jidda da sanyin safiya, inji a kunne, mukayyif, esin mota, na hura mini iska a gwiwa, ƙaton mutum zaune kusa da ni ya riƙe waya da hannu biyu kamar an ba shi ajiyar ƙwai—

Rubon. Ma'aikacin jirgin ruwa. Aikina ke nan ai, ni Ubale direba: in kwaso mutanen jirgi daga mina, in kai wannan asibiti, in kai wancan filin jirgi, in dawo. Yau filin jirgi za mu. Uwarsa na kwance can ƙasarsu, tsibiran Marshall, tsakiyar teku, inda sai ka hau jirgi ka sauka ka sake hawa ka sake sauka har ka manta sunanka. Ƙanwarsa ta kira ta ce da wuya tsohuwa ta kai ya iso. Shi ne ya ce in tsaya. Shi ne ya roƙe ni abin da ya roƙe ni.

Wai in kira tsohuwar. In yi muryar Ba'amurke. In ce daga gwamnati nake. In ce mun yi miki laifi, ki yi haƙuri.

Ni.

To, muryoyi kam na iya, ba zan yi ƙarya ba. Allah bai ba ni karatu ba, a aji huɗu na gudu, amma ya ba ni maƙogwaro. Muryar kafilina Abu Majid, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, idan yana neman mukullin da ke aljihunsa. Muryar matata Zubaidatu idan tana faɗa da mai gas, har ita kanta ta taɓa juyowa. Ranar da na kira shagon ɗinkin Zaharadden a Bani Malik da muryar jami'in jawazat, na shige da fice, na ce kowa ya fito da iƙamarsa, takardar zama, ga mu nan a ƙofa… teloli ta taga, wallahi, ɗaya da almakashi a hannu, ɗaya da rabin wandon mutane a kafaɗa. Zaharadden sai da ya yi wata bai amsa mini sallama ba. Wasa ne. Kowa ya dawo, an sha shayi, an zage ni, halas, an wuce wurin.

Wannan fa?

Ranar nan a mina na yi muryar wani Ba'amurken kamfani da ya zo duba jirginsu, mai magana ta hanci kamar yana tauna igiya. Kuku ɗan Filifin ya miƙe ƙam yana sara wa iska. Kowa na dariya har da riƙe ciki. Rubon kaɗai bai yi ba. Kallona yake. Na ɗauka haushi ya ji. Ashe ajiye ni ya yi.

Majuro… shekara nawa ina ganin sunan nan a gindin jirage, manyan baƙaƙe, jirgi bayan jirgi, na ɗauka wani attajiri ne, har ina cewa Allah ka ba mu ko rabin arzikin Alhaji Majuro. Ashe gari ne. Garin da uwarsa ke kwance yanzu a ɗakin kwano na 'yarta. Tutarsu a kan jiragen duniya, su kuma—

Uwar tana yarinya ƙarama, in ji shi. A tsibirinsu, Rongelap. Da asuba rana ta fito ta yamma. Ta yamma. Sannan ƙara, ƙasa ta girgiza. Can da rana sai wani farin abu ya fara zubowa daga sama, laushi, kamar gari. Yara sun taɓa jin labarin dusar ƙanƙara a bakin masu wa'azin coci, suka ce ga ta ta zo. Suka fita. Suka yi wasa. Suka shafa a kai, suka ɗanɗana… Ni da nake uban wasa, da ina wurin ai ni ne a gaba, ni zan fara cusa wa na kusa da ni a riga. Abin da ke cina ke nan. Wasa suka yi. Tokar bam ɗin Amurka ce. Gwaji ake yi, wai. Gwaji. Kamar yadda Zaharadden ke gwada riga a jikin mutum ya ga ko hannu ya yi tsawo.

Gashi ya zube. Fata ta saɓule. Sai da suka kwana suka sake kwana a cikin abin kafin jirgi ya zo ya kwashe su. Daga baya aka ce ku koma, ƙasa ta yi lafiya. Suka koma, suka ci kwakwarsu, suka ci kifinsu, wuya ya fara kumbura. An yanka ta a maƙoshi, ya nuna mini hoton, tabo daga nan zuwa nan kamar sarƙa. Kafin shi ta haifi wani abu da ungozoma ta naɗe ba ta nuna mata ba. Likitoci na zuwa, su auna, su ɗauki hoto, su tafi. A ƙarshe mutanen suka sake tattara komatsansu suka bar tsibirin, har yau.

Wannan mai Hilux ɗin me yake yi mini hon? Ga hanya nan, yalla, wuce, ban tare maka gidan ubanka ba.

Sun biya, in ji su. An zauna, an sa hannu, magana ta ƙare. Halas. Na san halas ɗin nan, na sha ta a bakin manya, kalmar da mai ƙarfi ke rufe ƙofa da ita yana ciki kana waje. To ku biya ɗin, wa ya hana? Amma baki fa? A Waziriyya ka goge wa mutum madubin mota, ko ɗan ƙwarzane ne, sai ka fito. Sai ka dafa ƙirji ka ce ma'alesh, haƙƙinka a kaina, wani har ka sumbaci kansa a tsakiyar titi mutane na kallo. Madubi. Ka taka ƙafar mutum a sahu ka juya ka ba shi haƙuri kafin kabbara. Ku kuwa tsibiri guda, da mutanensa da kaburburansa da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna, shekara saba'in, a ce har yau ba wanda ya tsaya a madadinku ya ce mun yi laifi? Ba ku da masu magana ne? Kuna da su gida guda, masu kwat da laktaye, aikinsu ke nan tun safe har dare, magana, ana biyansu. Duk suka rasa, sai direban mina ɗan Gezawa da ya koyi Turanci a fim ɗin kokawa?

Ni ne gwamnatin Amurka yau. Da silifas. Da rigar kamfani mai tabon shayi a aljihu. Zubaidatu in ta ji sai ta faɗo daga kujera.

A'a, ba abin dariya ba ne. Ba ƙaryar ce ke damuna ba, ƙarya ni da ita mun saba, tare muke karyawa. Malam ma ya ce akwai wadda aka yi rangwame a kanta, ta sulhu tsakanin mutum biyu. To ina na biyun? Na biyun yana barci can, bai san ana yi ba.

Idan ta ce na yafe fa?

Nan ne. Nan ne abin ya tsaya mini.

Inna… ranar da za ta cika, lokacin ba ni da takarda, ba halin fita, ina tsugune bayan wani bakala, ɗan kantin unguwa, da wayar aro. Ina jin ɗakin cike, ana shiga ɗaya bayan ɗaya, Inna ki yafe mana, Inna ki yafe mana. Aka kara mata a kunne. Numfashi. Ta ce Ubale, na yafe maka duniya da lahira. Na san nauyin maganar nan, na ji sanda ta sauka. Ba a jefa ta a titi. Sai ka zo da ƙafarka, ka durƙusa, ka roƙa da bakinka. Wanda bai zo ba, kayansa na nan na jiransa a gaba.

Wannan tsohuwa ba ta da ƙasa, ba ta da lafiyayyen wuya, abu ɗaya ya rage mata a hannu: haƙƙinta. Kirista ce, na sani, ga gicciye nan a wuyan ɗanta, amma haƙƙi haƙƙi ne, Allah ba ya barin na kowa. Ta riƙe abinta tun tana yarinya. Sai ni in zo da muryar hanci in karɓe? In ta yafe, wa ta yafe wa? Ni? Ni me na yi mata? Su? Sun roƙa ne? Su tashi ranar hisabi su tarar an sauke musu kaya, su ce wane ne wannan bawan Allah, a ce wani Ubale ne, a Jidda, kyauta ya yi muku. Ɗan dakonsu zan zama har lahira?

Na gwada faɗa masa, da guntun Turancina da hannu da ido. Ya saurara. Ya ce, “Kyaftin,” haka yake kirana tun ranar wasan nan, “ba don su ba ne. Tun ina yaro, duk ranar da aka ce shugabansu zai yi jawabi a rediyo, sai ta yi wanka ta sa rigar zuwa coci ta zauna. In an gama ta cire ta ninke.”

Na ce, “Majuro, kai fa mugu ne. Ka san inda ake kama mutum.”

Bai yi dariya ba. Mutumin nan ba ya dariya a inda ya kamata.

Ta sa riga don ta ji da mutunci. Don kada ban haƙuri ya zo ya same ta da zanin girki. Ku kuna ji? Ina, ba kwa ji. Da kuna ji ai da ba ni ba ne a nan.

Yana danna lambar. Tsaya mana, ban ce na yarda ba… ban kuma ce a'a ba, matsalata ke nan tun ina yaro, in aka miƙo mini dandali sai na hau. Ya koya mini kalmomin, mun maimaita a hanya tun daga ƙofar mina, gajeru ne, yaro ma zai iya. Yaro ma zai iya, ku ji fa.

Tana shiga. Can yamma ta yi musu. Ƙanwar ta ɗauka, ta san shirin. Zakara a bayanta. Mata na waƙar coci ƙasa-ƙasa, sai wani shuu, shuu, teku ne ko layi ne oho. An kara mata, in ji Rubon. Ya miƙo mini.

Bismillahi. A'a, ana bismilla a kan wannan? Astagfirullah. To me zan ce?

Saukar da haɓa. Iska ta hanci. Ja kalma kamar cingam.

Ga ta ta fito. Lafiya lau ta fito, ko gargada babu, har ta fi ta ranar mina kyau. Uwargida, ina magana ne da sunan gwamnati. Abin da aka yi muku laifi ne. Mun sani. Muna ba ki haƙuri.

Shi ke nan? Iyakarsa ke nan? Ko numfashi biyu ban ja ba. Abin da ya gagari ƙasa guda tun kafin a haife ni, ban ko gyara zama ba na gama shi. Ina ji kamar in fita in daki motar nan da ƙafa.

Waƙar ta tsaya. Numfashinta kawai, irin na Inna, mai ƙugi a ƙarshe. Ya Allah kada ta faɗa. Ka riƙe mata harshe. Ya Allah ka bar ta ta faɗa ta huta… wanne nake roƙo ne ma?

Tana magana. Da yarensu, a hankali, kalma, hutu, kalma. Rubon ya sunkuyo, hawaye har gemu, yana raɗa mini a kunne.

“Ta ce kun daɗe a hanya.”

Mun daɗe. Mu. To.

Tana ci gaba. Ina jiran kalmar, ban san yadda take da yarensu ba amma zan gane ta in ta zo, ana jin saukarta. Ba ta zo ba. Muryar ta ɗaga a ƙarshe, tambaya ce. Rubon ya buɗe baki ya rufe. Faɗa mini mana, Majuro, layi na tafiya.

“Ta ce tunda kun yarda, yaushe jirgi zai zo ya mayar da ita gida. Kusa da uwarta take so a sa ta.”

Wannan ba ya cikin abin da muka maimaita.

Ba ta yafe ba. Ba ta hana ba. Ta karɓi haƙurin ta ajiye gefe, ta miƙo hannu tana jiran sauran, kamar kowane mai hankali. Yana kallona. Ƙanwar na jira, matan cocin na jira, tsohuwa na jan numfashi da ƙyar don ta ji amsar gwamnati, gwamnati kuma ga ta nan zaune a bayan sitiyari da silifas—

Amsar kuwa har ta hau harshena. Ban kira ta ba, da kanta ta zo, tare da muryar take, ta zauna daidai a hancin kamar don shi aka yi ta: nan ba da jimawa ba, uwargida. Muna duba lamarin.

Ashe haka ake yi. Ba wuya. Ko zafi babu.

Bakina a buɗe. Tana cewa halo… halo…