Kaskon da Lado Ya Ƙona

Tun kafin samun mulkin kai nake dafa mazarƙwaila a Likoro, har hayaƙi ya ci mini ido. Ruwan rake lokaci guda gare shi: in ya yi kauri ya fara sheƙi, a sauke ya daskare. Ka ƙara kaɗan, ya ƙone. Na koya wa aminina Lado gane sheƙin, ya zama idona.

Ran da wani ɗan kasuwar Zariya ya zo ɗanɗanawa, na ce, "Lado, ya yi?"

Ya ce, "Da saura, Inuwa."

Sai ƙauri ya tashi. Baƙon ya toshe hanci ya fice.

Bayan mako guda aka ce mini ɗan kasuwar yana lodin mazarƙwaila a ƙofar Lado. Munafuki! Ashe ya ga sheƙin sarai, ni ya tsaya kallo ina ƙonewa.