Cikin da Ba a Faɗa Ba

Kwana biyu ke nan ɗan cikin Fiddausi bai motsa ba. Mijinta Ma'azu ya bar ban ruwan albasarsa a Taloka, ya ɗauki shatar mota suka nufi Sakkwato, asibitin da aka yi mata dashen maniyyinsa wata bakwai da suka wuce, bayan shekara takwas suna neman haihuwa.

Likitar ta daɗe tana duban takardar gwajin jini kafin ta ɗago.

"Fiddausi, a katinki an rubuta wannan ne cikinki na fari."

"Shi na, Likita," in ji Ma'azu da sauri.

"Ita nake tambaya, Malam. Jininta da naka ba iri ɗaya ba ne, yaron kuma naka ya ɗauko. Jininta ya ɗauke shi baƙo, yana ta kashe masa jini. Jiki ba ya fara wannan faɗa haka kawai, sai in sun taɓa haɗuwa. Kin taɓa ɓari?"

Fiddausi ta sunkuyar da kai.

"Sau guda," ta ce a hankali. "Wata huɗu."

Ma'azu ya juyo gaba ɗaya. "Mi kinka ce?"

"Shekarar da munka yi aure. Kana bakin dam wajen noman rani, ni ina gidanmu Kwargaba wurin uwata Inno. Cikin hwari ne, Malam, da wane baki zan hwaɗi ma? Da ya zube, Inno ta gasa ni da ruwan zahi, ta ce ɗiya mai kunya ba ta ɗaga irin wagga magana."

"Da munka zo nan wajen dashen hwa? Ina zaune anka tambaye ki."

"Don kana zaune ne."

Likita ta ajiye biro. "Akwai allura guda da ake yi cikin kwana uku bayan ɓari. Da an yi ta, da jininki bai koyi wannan faɗan ba."

"A yi mata yanzu," Ma'azu ya ce. "Ko goma ce, a yi."

"Lokacinta ya wuce, Malam. Hau gado, Fiddausi, mu duba. In zuciyarsa na bugawa, yau za mu ciro shi a ƙara masa jini."

Ta shafa mata mai a ciki, ta ɗora na'ura. Ta kai dama, ta kai hagu, ta danna ƙasan cibiya. Ma'azu ya ƙura wa allon ido, ko da yake bai san abin da ake nema a ciki ba. Can likita ta kashe na'urar, ta ja wa Fiddausi riga ta rufe cikin.

"Sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa."

Fiddausi ta juya fuskarta bango, tana jiran saki ko zagi. Ma'azu ya zauna a bakin gadon, hularsa a hannu.

"Na hwarin, ina kunka binne shi?"

"Bayan ɗakin Inno."

"Shekara takwas ina shiga gidan nan gaisuwa," ya ce. "Ko addu'a ban taɓa yi mai ba."