Dokar Kafinta

Malamar aji uku ce ta kira kafinta makaranta. Ta ce 'yarsa Auta na da ƙwaƙwalwa, amma in ta sake faɗuwa jarrabawa za ta maimaita aji.

"Baba, matsalar Turanci ce. Ku riƙa yi mata a gida."

Ya dawo gida ya kafa doka: daga yau ba mai yi wa yarinyar nan Hausa.

Inna, mahaifiyarsa, ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da Turancinka bai wuce zo da tafi ba? Da hanci za ka yi mata?"

"Inna, na gama magana."

Gida ya mutu. Uwar Auta ta koma nuni da hannu. Auta, wadda a da sai an roƙe ta ta rufe baki, ta koma cin abinci kai a sunkuye. Kafinta kuwa zama ya gagare shi. Ya shiga shago ya fito, ya leƙa tsakar gida, ya koma. A mako guda ya ɓata ƙafar tebur biyu.

Saura kwana huɗu jarrabawa, ya sami Auta a bakin ƙofa da littafi, tana tauna fensir, hawaye na ɗiga a takarda. Ya wuce ta. Ya dawo. Ya lalubi Turancin da zai tambaye ta abin da ke damunta, bai samu ba.

"Ke, me suke tambaya?"

Ta ɗago a tsorace. "Baba, ka yi Hausa."

"Na ji kaina. Fassara mini."

Ta bi layin da yatsa, kalma kalma. "Wai wani mutum ne da katako ƙafa goma sha biyu, ya yanka gida huɗu daidai, wai kowane..." Ta tsaya. "Au! Uku ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Da na faɗa ne na gani."

Ya kalli littafin da ba ya iya karantawa. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya: "Tarar nawa ce ga wanda ya karya doka?"

Ya jawo benci da ƙafa ya zauna, ya karkaɗe garin katako daga gwiwarsa.

"Shafi nawa ya rage?"

"Talatin da ɗaya."

Ya dubi rana, ya yi tsaki. "Juya. Ki faɗa mini da namu, ki rubuta musu da nasu. Yi sauri."