'Ya'yan Hajiya Dijatu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tafinta a wata ƙasar Turai, a ɗakunan da ake yi wa masu neman mafaka tambayoyi. Ina ɗan shekara tara aka ɗauke ni daga Azare aka kai ni karatu can. Hausata ta littafi ce da ta waya, amma ta ishe ni cin abinci.

Hajiya Dijatu Bafulatana ce 'yar Udubo, a Azare ta yi aure. Ta je can Turai taya 'yarta Suwaiba jego, ta ƙi komawa gida, ta nemi mafaka. Ɗanta Uzairu wakilin jam'iyya ne a rumfar zaɓe. Kafin tafiyarta, ya ƙi sa hannu a takardar sakamako, bayan kwana huɗu aka sare shi a ƙofar gida tana kallo. Ta gane mutum biyu a cikin maharan, su ma sun san ta gane su.

Jami'ar da ke tambaya ta fara da masu sauƙi.

"'Ya'yanki nawa?"

"Uku," in ji Hajiya. Ta lissafa Suwaiba, Rukayya da Najmuddeen, duk suna raye.

Bayan awa guda aka zo kan kisan.

"Wa aka kashe?"

"Yaron nan."

"Wane yaro? Yaya sunansa?"

Hajiya ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafinta. "Babban."

Sau uku ana tambayarta, ba ta faɗa ba, ba ta kuma yi kuka ba. Na mayar da maganarta yadda ta fito, ban ƙara ko harafi ba. Haka aka koya mana.

Takardar ƙin amincewa ta ce ba a gamsu da gaskiyarta ba: Hajiya ta ce 'ya'yanta uku masu rai, daga baya na huɗu ya ɓullo, ta kuma kasa faɗin sunansa.

Lauyarta Yetunde haifaffiyar Azare ce, iyayenta suna da shagon kwanuka a kasuwa. Ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu.

"Malam Kawu, kai wane irin ɗan Katagum ne? Ɗan fari ne fa! Wace uwa ce take kama sunan ɗanta na fari? A wajen Fulani ko a lissafi wata ba ta sa shi. Ni Bayarabiya na sani, kai ka zauna kamar rediyo!"

A lokacin na tuna ban taɓa jin innata ta kira yayana da sunansa ba. Da ina yaro na ɗauka ba ta son sa ne.

Yetunde za ta kai ƙara kotu a sake duba hukuncin. Ta nemi in rubuta cewa akwai al'adar da ya kamata in bayyana a ɗakin, ban yi ba. Na ji tsoron a cire ni daga jerin tafintoci. Na rubuta layi biyu, cewa fassarata daidai take.

Irin wannan kotu ba ta sake sauraron labari, abin da take dubawa shi ne ko jami'ar ta bi ƙa'ida. Alƙalin ya ce bayanin al'adar ya zo a makare, kuma tafintan da ke jin harshenta bai ga abin faɗa ba. Aka mayar da ita Nijeriya.

Bara na dawo gida. Na same ta a Jama'are, gidan ƙanenta. Ba ta shiga Azare, ko biki ko ta'aziyya. Ta gane ni tun daga zaure.

"Tafinta ne? A shimfiɗa masa tabarma."

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ciro takardar alƙalin daga ƙasan akwati.

"Karanta mini. Yaran nan ɓoye mini suke yi. Kai na san ba ka ƙari, ba ka ragi."

Na karanta mata shafi shida da Hausa.

"Wato maƙaryaciya ce ni."

"Cewa ya yi ba a gamsu ba, Hajiya."

"Za a iya gyarawa?"

"Lokaci ya wuce."

Ta naɗe takardar a hankali.

"To. In za ka sake zuwa, kada ka zo da mota. Mutane suna tambayar wa ke cikin gidan nan."