Cuta Ɗaya Ta Ishe Mu

Yaya bai zauna ba sai da ya kaɗe kujerar asibitin da hankici. Ƙanensa, tela, yana rakuɓe a gefe, hannuwansa bisa gwiwa, hannuwan da a da suke zura zare a allura ba tare da ya duba ba.

"Karo na uku ke nan, likita," in ji Yaya. "A wanke masa jini a sallame mu. Ina da abin yi."

Likitar ta rufe fayil. "Wannan kaɗai ba zai isa ba. Mun yi hira da shi. Tun kafin ya san ƙwaya yakan yi kwana biyar ba barci, yana ɗinki kamar ana korarsa, sannan ya kwanta wata guda ba ya son ganin kowa. Sauƙi ya je nema wurin ƙwayar. Cuta biyu ce, kuma tare za a yi maganinsu. In aka bar ɗaya, ita za ta dawo da ɗayar."

Yaya ya taɓe baki. "Wato mahaukaci ne."

"Ban ce haka ba."

"Kin faɗa, riga kawai kika sa wa maganar. Ɗan ƙwaya kowane gida akwai shi, sai a ce abokai suka lalata shi. Amma taɓin hankali? Dangi ake bi da shi. 'Ya'ya mata uku gare ni, wa zai zo neman aurensu? Cuta ɗaya ta ishe mu. Wannan sangarta ce kawai, tun yana goye aka ɓata shi."

Tela ya ɗago kai. "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

"Ɗakin ma nawa ne. Rufe mini baki."

Likitar ta jawo takarda. Ta rubuta magani, ta miƙa takardar a hannun tela, ta ce ya dawo bayan mako biyu.

A bakin ƙofa Yaya ya miƙo hannu. Tela ya ɗan jinkirta, sannan ya ba shi ledar maganin da suka karɓo. Yaya ya jijjiga ta kusa da kunne.

"An kawo ka a raba ka da ƙwaya, an ƙaro maka wata."

Ya jefa ledar cikin kwandon shara, ya yi gaba yana amsa waya. "Lafiya lau, ɗan zazzaɓi ne ya kama shi."

Tela ya tsaya yana kallon bayan yayansa har ya sha kwana. Sannan ya leƙa kwandon. Ba shi da zurfi.