Ramukan Mato a Fako

Da aka zo rabon gonar mahaifinsu a wani ƙauye kusa da Tajaye, Wakili ya ɗauki jigawa, ya bar wa ƙanensa Mato fako, wurin da ƙasa ta yi tauri har gatari ke tsalle a kanta. Shekara biyar ke nan bayan farin shekarar tamanin da huɗu. Wakili ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya yi masinja a wani ofis a Konni kafin a sallame shi, tun daga nan kuma yake kallon mutanen ƙauyen kamar tumaki.

A tsakiyar rani Mato ya shiga tonon ƙananan ramuka a fakon, layi-layi, yana tara ƙasar kowane rami ta gefen gangare, yana zuba tafi biyu na takin awaki a ciki. A kasuwar Illela ya ji dabarar daga bakin wani manomi, wai ana ce mata tasa. Wakili ya zo ya tsaya a kansa, hannu a baya, ya tambaye shi ko kaburburan ɓeraye yake haƙa.

Mato ya ce ruwa yake so ya tsaya, ya daina gudu zuwa kwari.

Wakili ya yi tsaki. Ya shiga karanta masa abin da ya haddace a lakwal: rana ke ɗaga ruwa daga teku da tafkuna ya zama tururi, tururi ya taru ya zama hadari, iska ta koro shi, ya zuba, ya bi gulbi ya koma teku. Haka abin ke juyawa tun fil azal, in ji shi, kuma ba jahili mai galma ne zai tare shi ba.

"Yaya, ruwan da ke cikin rijiya fa, ta ina ya shiga?"

Wakili ya kakkaɓe rigarsa ya tafi dandali, ya yi sati yana ba mutane dariya da labarin. Har Saude matar Mato sai da ta daina bi ta nan in za ta ɗebo ruwa.

Damina ta faɗi da ƙarfi, ta yi ruwa uku, sai ta ɗauke kwana goma sha tara. Hatsin jigawa ya murɗe ya yi fari. A fako kuwa kowane rami ya riƙe abin da ya samu, gara ta huda ƙasa tana bin taki, ruwa ya bi hudar ya nutse. Mato ya ɗaure dami ashirin da shida a wurin da ko akuya ba ta tsayawa a da. Wakili ya ce sa'a ce, irin wadda ke faɗa wa wawaye.

Da shekara ta zagayo mutum bakwai suka yi tasa, ta gaba kuma kusan rabin ƙauyen. Wakili bai yi ba. Ya ce shi ba ya durƙusa wa kashin awaki. A rani na shida mata suka lura igiyar gugan rijiyar gari ta yi musu tsawo, sai da aka naɗe gaba biyu. Maikano, tsohon da ke yasar rijiyar, ya ce ruwan da aka hana gudu ne ya sauka ƙasa ya same su.

Labari ya kai Illela, aka turo wani ma'aikacin gona a kan babur ya gani da idonsa. Kafin Mato ya dawo daga gona, Wakili ya sa babbar riga ya tari baƙon. Ya shaida masa da Faransanci cewa shi ne ya fara wayar wa mutanen nan kai game da yadda ruwa ke zagayawa, da ƙyar suka gane. Baƙon ya rubuta sunan Wakili a takarda.

Maikano, da ya tsinci ɗan Faransanci a aikin hanya, ya fassara wa na kusa da shi. Wata tsohuwa ta tofar da yawu ta ɗauki tulunta. Da baƙon ya nemi a kai shi tasar Wakili, sai jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya, suka bar su su biyu a bakin rijiya.

Da la'asar Saude ta ba Mato labari. Ya gama wanke ƙafa, ya ce ta auna hatsi tiya huɗu ta kai gidan yayansa, don ya ji rumbunsu ya kusa ƙarewa.

Ta kai, amma ta ƙi shiga. A bakin ƙofa ta ajiye.